Pak Sarjiman da Shanun Tegalwuni

Mutanen Tegalwuni ba masu kuɗi ba ne, ba kuma matalauta ba. Ƙauyensu shi ne na ƙarshe a hanyar da ta hau dutse ta kudu. Bayansa babu gida, sai ciyawa da itatuwa, sai baƙin yashi har zuwa bakin da hayaƙi ke fita. Ƙasarsu baƙa ce mai laushi, abin da ka jefa mata duk sai ta mayar maka da ninki. Kowane gida yana da saniyar madara biyu ko uku a ɗaure bayan ɗaki, kuma saniyar nan ita ce kuɗin makaranta, ita ce kuɗin asibiti, ita ce auren ɗa. Ruwa bai taɓa yanke musu ba, ciyawa ba ta taɓa ƙarewa ba. Abin da suka rasa shi ne hanya ta biyu, domin hanyarsu ɗaya ce, gadarsu ɗaya. Sun kuma rasa wurin zuwa idan Kaka ya tashi. Kaka muke ce wa dutsen nan mai aman wuta, don wanda ke zaune a cinyarsa ba ya kiran sunansa gatsau.

Kafin ka hau gadar, a hannun hagu, akwai wani gini mai ɗaki biyu da hasumiyar ƙarfe a kan tudu. Nan Pak Sarjiman, wato Malam Sarjiman a bakinmu, ya ƙarar da ƙuruciyarsa, kuma a ƙarshen watan nan zai miƙa wurin ga wani ya koma gida. Shi ya sa na ga ya dace a faɗi wani abu a kansa tun yana iya ji da kunnensa.

Da ya idar da sallar asuba sai ya hau hasumiya da madubin hangen nesa, ya jira gari ya waye a kan ƙoƙon dutsen. Yana duba hayaƙi: fari ne ko ya yi duhu, siriri ne ko ya yi kauri, ina iska ta kai shi. Daga nan ya sauko ɗakin allura. A can akwai wata ganga da ke juyawa a hankali, an naɗe ta da takardar da ya turara da hayaƙin fitila har ta yi baƙi, da wata siririyar allura da ke zane a kanta. In ƙasa na kwance, layin ya tafi miƙe. In wani abu ya motsa a cikin dutse, allurar ta yi rawa. Ya canza takarda, ya wanke hannu, sannan ya fita da na'urar awo ya saita ta kan wasu ƙananan madubai da aka kafa can sama a jikin dutsen. Na'urar tana aika haske ya dawo, ta faɗi nisa. Idan nisan ya ragu, ko da faɗin yatsa ne, to cikin Kaka yana kumbura. Duk abin da ya gani sai ya faɗa wa masanan da ke birni ta oba-oba, sannan ya zauna ya sha shayin da matarsa Tumirah ta aiko da dafaffen rogo. Da azahar a sake, da la'asar a sake.

Toka takan rufe madubai. Masu yankan ciyawa sun sha ganinsa yana wuce su da tsumma da gorar ruwa, yana hawa inda ko akuya ba ta zuwa, don kawai ya goge fuskar madubin da bai kai tafin hannu ba. Sukan ce masa, “Pak, in ka isa ka gaida Kaka.” Ya ce, “Zai ji.”

Ba shi ke yanke hukuncin a tashi ko a zauna ba. Wannan aikin masana ne a birni, su ke haɗa labarinsa da na sauran tashoshi su auna. Amma mu ba mu san fuskokinsu ba. Fuskar Sarjiman muka sani, ita muke gani a masallaci da wurin biki, don haka duk abin da ya fito daga birni a wuyansa yake sauka.

Karo na farko da aka ce mu tashi, yana da sauran baƙin gashi a kansa. Allura ta yi ta rawa, hayaƙi ya yi duhu, aka zo da motoci aka kwashe mu zuwa wani filin ƙwallo a gangare, aka kafa mana tantuna. An ce mutane kaɗai, shanu su tsaya. Muka zauna mako ya bi mako. Duk safiya da ya sauko kawo labari sai a yanyame shi.

“Pak, yaushe zai fashe?”

“Ban sani ba. Mu ga gobe.”

“To yaushe za mu koma?”

“Mu ga gobe.”

Kaka bai fashe ba. Ya yi gurnaninsa ya koma barci. Da muka koma, wasu shanun sun mutu a turke, wasu nononsu ya ƙafe, wasu kuwa masu su sun riga sun sayar da su a wulaƙance ga dillalan da suka yi ta shawagi a bakin tantuna kamar ungulu. Daga ranar aka sa masa suna Pak Gobe. Wanda ya raɗa masa sunan ba bare ba ne, yayan matarsa ne, Poniran, mutum mai faɗin ƙirji da faɗin baki, mai kyauta, wanda in ya yi dariya a saman ƙauye ana ji a gada. Shi ma ya rasa saniya mai ciki.

Suna ba ya kashe mutum. Abin da ya fi ciwo shi ne kwando. A wurinmu duk gidan da aka yi sadaka, ta suna ce ko ta mamaci, sai an kai wa kowane gida kwandon gora da shinkafa da ƙwai da ɗan nama, ko an je ko ba a je ba. Kwando ya daina zuwa gidan Sarjiman. Babu wanda ya yi shawara da wani, haka kawai yaran da ake aike suka riƙa wuce ƙofar. Tumirah takan ji ƙarar takalmansu ta ci gaba da tsintar shinkafarta, ba ta ɗaga kai.

Wani limami ya taɓa ce masa ya tsaya a masallaci ya bayyana wa jama'a cewa ba shi ya ba da umarni ba. Ya ce, “Abin da na gani na faɗa, kuma da gaske na gan shi. Dutse ya fasa tashi, alhamdu lillahi. Wa zan ba haƙuri a kan wannan, wa kuma zan ɗora wa?”

Amma ya koyi wani abu a wancan zaman, kuma daga kan hasumiya ya koye shi. Duk tsawon kwanakin da ake cewa ƙauye babu kowa, da hantsi yakan ga babura suna hawa ɗaya bayan ɗaya, maza suna satar jiki su ba shanu ciyawa, su tatse su, su sauko. Wato an kwashe mutane da sunan kwashewa, alhali rabinsu suna yini a ƙarƙashin bakin wuta. Sai ya gane jiniya ba ta raba ɗan Tegalwuni da saniyarsa. Inda saniya take, nan mai ita yake.

A gangare, bayan gonakin shinkafa, akwai wani ƙauye da ake kira Sumberan, inda wuta ba ta taɓa kaiwa ba. Sarjiman ba shi da kowa a can. Sai ya fara zuwa. Ranar hutunsa, in ya ji an yi mutuwa a Sumberan, zai hau babur ya je ya kama makara. In aure ne, zai je ya fasa itace ya jera kujeru. Ya zauna sadakar uku, ya dawo ta bakwai, ya dawo ta arba'in, ga mutanen da bai taɓa gani da rai ba. Da farko ana tambaya, “Wannan ɗan waye?” Daga baya aka koma cewa, “Pak Sarjiman bai iso ba tukuna?” Zumunta a ƙafa take. Ya yi shekaru a haka kafin ya buɗe baki ya roƙi abin da ya kai shi, kuma ko da ya roƙa, a wurin shan shayi ya roƙa, gida gida: in wata rana dutse ya tashi, za ka ara wa saniya biyu inuwa a bayan ɗakinka? A ƙasarmu mutumin da ya ɗauki gawar mahaifinka ba ka ce masa a'a. Aka kafa turaku, aka yi rumfuna da gora, suka yi ta tsayuwa babu komai a ciki sai kaji. Babu wanda ya sa shi wannan aiki, babu kuma wanda ya san ya yi shi a ƙauyenmu sai matarsa.

Kai ne, Pak Sarjiman, ka ga an daina kawo maka kwando, maimakon ka rufe ƙofarka sai ka tafi neman wa masu hana ka ƙofar da za ta buɗe musu. Dogon haƙuri, mai gadin gidan da ba shi da ƙyaure.

Sai shekarar da madubin kudu ya fara matsowa.

A nan sai na faɗi wani abu game da mu. Tsakaninmu da bakin dutse akwai wani dogon tudu da muke kira Kafaɗa. Tun kaka da kakanni, duk lokacin da Kaka ya yi amai, gajimaren wutar nan da muke ce wa tumaki, saboda yadda yake dunƙule-dunƙule kamar gashin tunkiya, ta yamma yake gangarawa, Kafaɗa ta tare mana. Mun yarda da Kafaɗa kamar yadda yaro ya yarda da bayan uwarsa. Sabo turken wawa.

Da safe kowa yakan kawo madararsa rumfar da motar kamfani ke ɗauka. Nan Sarjiman ya je, ya tsaya gefe har aka gama awo. Poniran ne ya fara hango shi. Yana tare da 'yarsa Ndari, 'yar aji uku a lokacin, tana riƙe masa murfin garwa.

“Ga Pak Gobe. Jama'a kowa ya riƙe igiyar saniyarsa.”

“Kang, ina kwana,” in ji Sarjiman, don haka muke kiran yaya.

“Lafiya lau, sai dai in ka zo da wata.”

“Madubin kudu yana matsowa, Kang. Kullum sai ya ƙaru.”

“To ka matsa baya mana.”

Aka yi dariya. Sarjiman ma ya yi murmushi, ya jira ta lafa.

“Wannan karon ta ɓangarenmu yake kumbura. Kwarin yamma ya cike da yashi. In ya zubo da yawa, Kafaɗa ba za ta riƙe ba.”

“Kudu?” in ji Poniran. “Kakan kakana bai ga tumaki a kudu ba. Sun san hanyarsu, kamar yadda matarka Rah ta san hanyar gidanmu in ka ɓata mata rai. To faɗa mana, yaushe?”

“Ban sani ba.”

“Kun ji ko. An fara.”

“Ban zo in ce kowa ya tashi ba, Kang. Wannan sai an faɗa daga birni. Shanu na zo roƙo. Akwai turaku a Sumberan, kowane gida da gidan da zai karɓe shi. Motar madara za ta bi su can, na yi magana da direba. In dutse ya fasa, ku ɗauko abinku, ku ci gaba da kirana abin da kuke kirana.”

Wani ya kunna tabarsa mai kanumfari, wani ya duba sama, aka watse.

Da hantsi ya yi sai ga Tumirah ta fito da shanunta biyu, igiya a kowane hannu, ta bi tsakiyar ƙauye a ƙasa, ba ta kalli kowa ba. Mata suka fito bakin ƙofa. Wata tsohuwa ta ce, “Rah da ba ta yarda saniyarta ta taka tsakuwa, yau ita ce za ta kai su Sumberan a ƙafa? To ita ke kwana da mai allura. Ku kwance min tawa.” Kafin la'asar mata sun yi abin da maza suka kasa. Direbobin tifa masu ɗibar yashi a kwarin da ke ƙarƙashin gada suka ba da motocinsu, aka yi ta lodi. Poniran ne ya kusan zama na ƙarshe. Yana tura saniyarsa cikin mota yana cewa, “Hau, Hajiya, an biya miki yawon buɗe ido.”

Bayan 'yan kwanaki umarni ya zo daga birni. Ba a taɓa kwashe Tegalwuni cikin sauƙi irin na ranar ba. Babu wanda aka ja, babu wanda ya ɓuya a bayan ɗaki. Kowa ya bi saniyarsa.

Abu ɗaya ne lissafin Sarjiman bai kai ba, kuma shi da bakinsa yake faɗa. Ciyawa. Sumberan ƙasar shinkafa ce, abin da suke da shi busasshen kara ne. Shanun dutse suka shinshina suka kau da kai, nono ya fara ja baya. Sai babura suka dawo hawa da safe, kowa da laujensa, a yanko ɗanyar ciyawa a saman ƙauye a ɗauro a sauko. Ya roƙe su su tsaya ƙasan gada. Suka ce ciyawar ƙasan gada ta ƙare tun jiya. Poniran kullum sai ya tsaya a ƙofar tasha ya sha rabin shayin ƙanin nasa.

“Yau ma gobe ne?”

“Kang, ka yi sauri ka sauko.”

“Shayin nan ba sukari. Rah ta fara yi maka rowa.”

Ranar da abin ya faru, gari ya waye garau. Da ya shiga ɗakin allura sai ya tarar ba rawa take yi ba, duka take, daga wannan gefen takarda zuwa wancan, ba ta tsayawa. Ya kira birni. Suka ce su ma sun gani, a rufe hanya yanzu, ga jami'ai nan tafe. Amma daga birni zuwa gada tafiya ce, kuma ya riga ya fara jin ƙugin babura daga gangare. Ya jawo bencin da yake zama a kai ya gindaya a hanya, ya tsaya a bayansa.

Sun fi goma, Poniran a gaba.

“Man, ɗauke kujerarka,” ya ce wa Sarjiman.

“Yau ba hawa, Kang.”

“Hajiya ba ta ci komai ba tun jiya. Dami ɗaya zan yanko.”

“Allura ba ta tsaya ba tun asuba. Ban taɓa ganin haka ba.”

“Wancan karon ma ba ka taɓa gani ba.”

Ya murɗa babur zai ratsa ta gefen benci. A nan Sarjiman ya yi abin da ba a yi. Mu nan ƙarami ba ya miƙe wuya gaban yayan matarsa, in zai wuce shi sai ya rusuna, in zai yi masa magana sai ya sassauta murya. Sarjiman ya kai hannu ya zare makullin babur ɗin, ya jefa a aljihu, ya ɗaga murya har ta fashe.

“Na ce babu mai hawa. Kai ma ba za ka hau ba.”

Waɗanda ke baya sun faɗa mini cewa ba maganar allura ce ta tsorata su ba. Ganin Sarjiman, mutumin da ko kaza ba ya kora da ƙarfi, yana yi wa yayan matarsa tsawa a bainar jama'a, shi ya sa jikinsu ya yi sanyi. Na ƙarshe ya juya babur ɗinsa, na gabansa ya bi.

Poniran ya sauka a hankali. Fuskarsa babu dariya.

“Ni ka yi wa haka, Man? Gaban yara?”

“Ka yafe ni, Kang. In mun sauka ka yi mini duk abin da ka ga dama.”

“Ba ni makullina.”

“Ba zan bayar ba.”

“To riƙe. Ƙafata ba ta da makulli.”

Ya zare laujensa daga bayan babur, ya tsallake benci, ya hau gada. Sarjiman ya bi shi yana kira har tsakiyar gadar. Daga nan ya ji ƙasa ta motsa a tafin ƙafarsa. Ya leƙa ƙasa. A cikin kwari ga tifofi a jere, ga masu shebur, maza da mata, suna ɗibar yashi a daidai hanyar da duk abin da ya tsallako Kafaɗa zai bi. Ya dubi bayan Poniran da ke ƙara nisa. Ya juya da gudu ya koma tasha.

Ya kunna jiniya. Ya ɗauki oba-oba yana kiran direbobi da sunayensu, ku bar motocin, ku hau gangaren gabas, ku bar shebur, ku hau. Yana cikin faɗa ya ga ƙoƙon dutsen ya buɗe. Tumaki suka fito, ba ta yamma ba. Suka taru a bayan Kafaɗa kamar ruwa a bayan madatsa, suka yi tsiri, suka zubo. Waɗanda suka gani daga gangaren gabas sun ce babu wata ƙara mai yawa, sai wani huci, da ƙarar itatuwa suna karyewa. Rana ta ɓace da hantsi. Toka mai ɗumi ta fara sauka kamar yayyafi. Shi kuwa yana tsaye a taga da oba-oba a baki, yana faɗa wa birni inda gajimaren ya kai, ya wuce makabarta, ya shiga ƙauye, ya faɗa kwari, har sai da suka ce masa ya isa, ya fita. Da ya iso Sumberan ba a gane shi ba, fari fat tun daga gashi har takalmi.

Tegalwuni ta ƙone ƙurmus. Kwanukan rufi sun nannaɗe kamar ganye, garwar madara ta narke a inda aka ajiye ta. Tifofin kwari har yau suna ƙarƙashin yashi. Amma masu su suna raye, da masu shebur, da masu baburan da suka juya, da duk ƙauyen da ya bi shanunsa. Mutum ɗaya muka rasa. An same shi bayan ƙasa ta huce, a kan hanya, ƙasa da gidajen ƙarshe, kansa na fuskantar gada. Ya ji jiniya, ya juyo, yana gudu.

Ba a rufe shi ba sai da magana ta fara yawo: da yana kan babur ɗinsa da ya tsira. Mutanen da Sarjiman ya fitar daga wuta, a cikinsu aka sami masu faɗin haka, suna zaune a inuwar da ya nema musu. Ban faɗi wannan don in kunyata kowa ba. Baƙin ciki yana neman inda zai sauka, kuma dutse ba shi da fuskar da za a harara. Matar marigayin, Yu Ngatinem, wato Yaya Ngatinem, ba ta sake yi masa magana ba. Duk ƙaramar Sallah, da ake bi gida gida ana neman gafara, yakan je da Tumirah. Ta karɓi hannun Tumirah, ta shige ciki. Shi kuma ya ƙarasa gaisuwarsa ga labule, ya sa takalmi. Bai fasa zuwa ba ko sau ɗaya.

An gina mana sabon ƙauye kusa da Sumberan. Shi ya yi ta bin masu gonaki har suka yarda aka dasa doguwar ciyawa a gefen kowace kunya da bakin kowace magudana, don kada a sake samun dalilin hawa. Sannan ya share tokar tasharsa, ya turara sabuwar takarda, ya koma hasumiya. Bayan wasu shekaru an sake cewa masu noma a sama su sauko, suka sauko, Kaka ya sake fasa tashi, aka sake yi masa gunaguni. Haka aikin yake. In ya yi daidai, gida ya ƙone. In dutse ya fasa, shi ne maƙaryaci. Babu ranar da mai wannan aiki zai dawo gida a tafa masa.

Pak Sarjiman, mun gode. Kai ne ka yarda a ƙi ka da rai a kan a yabe ka a bakin kabari. Kai ne ka tsaya a tsakiyar gada da zaɓi biyu, kowanne da ɗacinsa, ka ɗauki ɗaya, ka kuma ɗauki nauyinsa kai kaɗai ba ka nemi a rage maka ba. Mun yi jinkirin faɗa, ka yafe mana. Allah ya ba ka hutu mai daɗi, ya jiƙan Kang Poniran, ya sanyaya zuciyar Yu Ngatinem. Saurayin da zai karɓi tashar, ina roƙonsa ya koyi sunayen mutane kamar yadda zai koyi allura, ya je jana'iza, ya zauna a sha shayi da shi. Mu kuma, duk wanda aka ɗora a kan wani abu da zai iya cutar da jama'a, gada ce, rijiya ce, ko lafiyar yara, ya faɗi abin da ya gani lokacin da ya gan shi, ko da kwando zai daina zuwa.

Saura abu ɗaya, Tumirah ce ta ba ni labarinsa, kuma da izinin mai shi nake faɗa. Ranar sadakar arba'in ɗin Poniran, Sarjiman yana bayan gida yana wanke kofuna, don bai ga fuskar zama cikin maza ba. Sai ga Ndari ta zo ta tsaya a kansa. Ta ji abin da manya ke faɗa, yara ma sun faɗa mata a makaranta.

“Lik, wai da Baba yana kan babur da bai mutu ba?” in ji ta, don Lik muke ce wa kawu.

Tumirah ta ce ta tsaya cak da tire a hannu, tana addu'a a ranta ya ce a'a. Kalma ɗaya ce, yarinya ta samu barci, shi ma ya samu.

Ya ajiye kofin, ya goge hannu a zaninsa, ya durƙusa har idonsa ya yi daidai da nata.

“Ban sani ba, Nduk, 'yata. Gajimaren ya fi babur gudu. Amma babanki ya ji jiniya kafin ya iso, kuma gada ba ta da nisa sosai. Wataƙila da ya kai. Wataƙila da bai kai ba. Na yi ta aunawa, ban samu amsa ba.”

“Kai ka ɗauke makullin?”

“Ni ne.”

“In da za a sake, za ka ɗauke?”

Ya dubi cikin idonta.

“Zan ɗauke. Akwai mutane a bayansa, da ya wuce da sun bi shi.”

Yarinyar ba ta yi kuka ba, ba ta kuma rungume shi ba. Ta tsaya tana kallonsa, sannan ta ɗauki kofunan da ya wanke ta kai ciki. Ba ta ce ta yafe ba, kuma ba a tambaye ta ba. Abin da ta gane ranar shi ne kawunta ba ya faɗin abin da bai sani ba, ko don ya ceci kansa, saboda haka duk ranar da ya ce a sauka, sauka za ta yi.